Kowane Ruwa da Jirginsa

Wanda ya shimfiɗa taswirar yammacin Kano ya ɗora yatsa a kan Gammo, a ƙaramar hukumar Kabo, zai ga shuɗin ruwa ya kewaye yatsan nasa ta kusan kowace fuska. Ga madatsar Guzu-Guzu a ƙasar Kabon kanta, ga Magaga da Pada da Marashi duk a wannan shiyya, ga Kusalla da babbar madatsar Challawa daga kudu, a ƙasar Ƙaraye, ga kuma Watari daga arewa, a Bagwai. Siraran layukan koguna sun sadar da su kamar jijiyoyin ganye, dukkansu suna gangarawa cikin kogin Challawa. Da ido ya ga haka sai zuciya ta fara ƙulla tafiya: a sa kwale-kwale a wannan ruwa, a tuƙa zuwa ƙarshensa, a saɓa shi a kafaɗa a ƙetare tudu, a sake tsoma shi a na gaba, ana tafe ana jefa fatsa har a fita a Ƙaraye. Tafiyar ruwa a wannan yanki mai yiwuwa ce, kuma ta cancanci a yi ta, amma ba da wannan tsari ba. A ƙasar Kabo da Gwarzo jirgi ba ya bin matafiyi. Matafiyi ne yake bin jirage, ya bar na wannan ruwa a turkensa ya je ya nemi na gaba a hannun masu shi, don haka abin da za a fara tsarawa shi ne wata, sai mutanen da za a yi wa sallama, ruwan kansa ya zo na uku.

Shi wannan tunani na ɗaukar jirgi daga tafki zuwa tafki yana da gidansa, kuma a can ya dace. A kan iyakar jihar Minesota ta Amurka da lardin Ontariyo na Kanada akwai ƙasar da ƙanƙarar zamanin da ta kwarzane duwatsunta, ta bar tafkuna sama da dubu a ɓangaren Amurka kaɗai, wasu tsakaninsu bai wuce jifa ba. 'Yan ƙasar na asali, Ojibwe, suna ƙera jirgi da ɓawon itace, marar nauyi, mutum guda ya kife shi a ka ya yi gaba. Fataken fatu da suka zo daga baya suka bi sawunsu, kowa yana goya ƙunshi mai nauyin kilo 41, sau da yawa biyu a tashi ɗaya, kuma sananniyar hanyar tudun da suke bi daga gaɓar tafkin Superior ta kai kusan kilomita 14. Har yau a can ana auna tazarar tudu da wani ma'auni mai tsawon kimanin mita biyar, wato kusan tsawon jirgin kansa. A 1978 majalisar Amurka ta ƙarfafa dokar da ta killace yankin, sai da takardar izini ake shiga, kuma akwai iyakar yawan masu shiga kowace rana. Abu uku ne suka riƙe wannan al'ada: tafkunan suna kusa da juna kuma a cike suke duk tsawon lokacin tafiya, jirgin ba shi da nauyi, sannan ƙasar da ke tsakani ba gonar kowa ba ce. A cire ɗaya daga ciki tsarin ya gurgunce, balle a cire duka ukun.

To, a yammacin Kano babu ko ɗaya. Ruwayen nan ba halittattun tafkuna ba ne, hannu ne ya tare su, kuma akwai dattawa a raye da suka yi noma a inda kifi yake iyo yanzu. Aikin ya kankama ne a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, lokacin da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka kuma ci gaba da datse ƙananan koguna ɗaya bayan ɗaya. Watari ta kammala a 1980. Challawa ce ta baya-bayan nan cikin manya, kamfanin Julius Berger ya gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawon ganuwarta ya kusa kilomita takwas, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Ba a gina ko ɗaya don zirga-zirga ba. Ruwan sha aka nufa, da noman rani, da tare ambaliya, shi ya sa aka dasa kowacce a kan nata kogin, tudu mai nisa ya raba ta da 'yar'uwarta. Layukan nan masu shuɗi da taswira ta zana tsakaninsu kuwa, wanda ya je da rani yashi zai tarar, yara suna tonon ruwa a tsakiya, tifa tana lodi a gefe. Da damina, musamman a watan Agusta, kogin da jaki ya ratsa da safe yana iya cika maƙil kafin la'asar saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama, ya taho da itace da ƙaya da duk abin da ya tsinta. Hanyar da mai taswira ya hango ba ta da tsaka-tsaki mai tsawo: ko dai babu ruwan tuƙi, ko kuma ruwan ya fi ƙarfin tuƙi.

Sai jirgin. Kwale-kwalen da masunta ke amfani da shi a madatsun nan na katako ne, an haɗa shi da ƙusa an toshe kafofinsa, kuma da ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake yi. Ba abin da mutum ɗaya ko biyu za su saɓa su yi kilomita da shi ba ne, kuma idan aka bar shi a rana ya bushe, katakon ya ja baya, ya fara yoyo. An yi shi ne don ya zauna a ruwa guda ya tsufa a can. Ko da an sami majiya ƙarfi da za su ɗauka, ta ina za su bi? Ƙasar Kano tana cikin wuraren da aka fi nomewa a Afirka ta Yamma, kuma tsakanin Gammo da kowace madatsa babu dajin da ba shi da mai shi. Gonar dawa ce, sai ta gero da gyaɗa, sai burtalin da makiyaya ke bi, sai fadama a bakin ruwa inda aka kafa tumatir da albasa aka ja tiyo. Tarihi ya ajiye mana labarin waɗanda suka nace sai sun zo da jirginsu. A 1850 ayarin James Richardson da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg ya taso daga Tarabulus da jirgin da aka yanka gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, aka ratsa hamada da shi. A 1851, shekarar da Barth ya shigo Kano, Overweg ya haɗa jirgin ya sa shi a Tafkin Chadi, inda ya tarar da mutanen Buduma suna kai da komo tsakanin tsibiransu a nasu jiragen, kamar yadda suka gada. Abin ya ƙayatar a littafi, amma mai karatu yana da damar tambaya ko wahalar raƙuman ta biya.

Tunda ba a fafa gora ranar tafiya, abin farko shi ne zaɓen wata, kuma taga mai kyau gajeriya ce: daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba. A lokacin madatsu sun cika, ruwan ya fara kwantawa daga jan da damina ta yi masa, hadari ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, an kuma fara girbi, don haka ratsa gona ba ɓarna ba ce. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne da iko. Hazo yana ɓoye gaɓa, sanyin asuba a kan ruwa ya ninka na tudu, kuma iskar da ke tasowa da hantsi tana tayar da igiya a ruwa mai faɗi irin Challawa, wadda kwale-kwale mai gajeren baki ba ya so. Daga Maris zuwa Mayu ruwan yana ja da baya, ban-ruwa da zafin rana suna sha, ya bar laka mai cin ƙafa tsakanin mutum da jirgi, kututturan da suka nutse su matso kusa da fuskar ruwa. A ƙarshen bazarar ne kuma guguwar farkon damina ke tasowa daga gabas babu sallama, wadda ko tsohon masunci yana ganin gari ya haɗe yake neman gaci. Ita kuwa damina, ban da haɗarinta, lokacin hayayyafar yawancin kifi ne, sa'ad da tarwaɗa ke bin sabon ruwa cikin ciyawa don zubar da ƙwai, kuma baƙon da ya zo shaƙatawa ba shi da hujjar damunta.

Abu na biyu mutane ne, kuma a nan ne tsarin namu ya fi na Minesota wadata. Da ɗan gari akan ci gari, da ɗan gari kuma akan ci ruwa. Kafin a taka bakin madatsa akwai mai unguwa da dagaci, akwai sarkin ruwa ko shugaban masuntan wurin, a Challawa kuma akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda madatsar ke hannunta. Wani zai ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, alhali shi ne ainihin taswirar. Madatsa gari ne da aka binne da ruwa. A ƙarƙashinta akwai tsohon kwarin kogi, akwai dorawa da kuka da suka mutu a tsaye, akwai kufai da rijiyoyi, kuma babu takardar da matafiyi zai saya a kasuwa ya ga waɗannan a ciki. Suna cikin kan mutumin da ya yaga kallinsa a kan kututture ɗaya sau uku har ya haddace wurin. Shi ya san inda aka shimfiɗa mamari cikin dare, ya san gefen da wani ƙauye ke ɗauka nasa ne, ya san lungun da iska ke juyawa. Saboda haka hanyar da ta dace a tsara daga ƙarami ne zuwa babba. A taso daga Kano ta titin Gwarzo, a wuce Janguza da Rimin Gado, a fara da ruwa mai sauƙi irin Guzu-Guzu, inda gaɓa ba ta ɓace wa ido, a koyi zama a kwale-kwale da riƙon filafili. Daga nan Magaga, sannan a gangara kudu zuwa Kusalla, a bar Challawa ta zama ta ƙarshe. Tudun da ke tsakani a ratsa shi a kan babur ko a ƙafa, abin da za a ɗauka bai wuce jaka da sandar fatsa da rigar ruwa ba. Kwana kuma a cikin gari, a hannun wanda aka yi wa sallama, ba a bakin ruwa cikin sauro ba.

Shi kansa kamun kifin yana da abin lura. Abin da ya fi yawa a madatsun nan ƙarfasa ce, sai tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, da ƙananan kifaye irin kawara. Ƙarfasa tana kiwo a gefen ciyawa inda ruwa bai da zurfi, tarwaɗa tana son ƙasa da duhu, ta fi cin tana da magariba ko asuba, ragon ruwa kuwa sai a zurfi, a bin tsohon kwarin kogi. Kurungu a yi hattara da ƙayarsa. Za a iya cewa, kuma an yi gaskiya, ruwayen nan sun riga sun gaji da kamu, masunta suna kukan kifi ya ƙanƙance, don me za a ƙara musu baƙi? Amsar tana cikin kayan aiki. Abin da ke share ruwa shi ne taru mai ƙananan ido da gidan sauron da ake ja a gefen ciyawa, wanda ba ya barin ko ɗan tsako, ba ƙugiya ɗaya a hannun mutumin da zai yi sa'a uku ya tafi ba. Kuma idan baƙon ya biya kuɗin jirgi da na rakiya, ya mayar da ƙananan da ya kama, masuncin ya sami abin cefane a ranar ba tare da ya jiƙa taru ba. Hutar da ruwa ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana kulle kogin Matan Fada a hana kamun kifi a cikinsa sai ranar biki, kuma sarkin ruwa ne da faɗa a ji. Manyan kifayen da ake ɗagawa a gaban jama'a ribar wannan haƙuri ce.

Mai ja da wannan magana zai ce ai zamani ya zo da jirgin roba da ake hurawa, a naɗe shi a sa a buhu, ga kuma na leda mai ƙarfi wanda mutum biyu za su ɗora a kan mota, don haka matsalar nauyi ta kau. Ta kau ɗin, babu musu, kuma a ƙaramar madatsa cikin Nuwamba, kusa da gaɓa, irin wannan jirgi zai yi aiki. Sai dai nauyi ɗaya ne cikin matsaloli uku, kuma shi ne mafi sauƙi. Jirgin roba bai cika yashin kogi da ruwa ba, bai mayar da gonar mutane daji ba, ga shi kuma abokin gabar kututture da ƙaya da tsohuwar ƙugiyar da ta maƙale a reshe. Akwai wata illa da ba a cika tunawa ba. Jirgin da ke yawo daga ruwa zuwa ruwa yana iya tafiya da irin ciyawa da ƙananan dodon koɗi a jikinsa, shi ya sa a Minesota ɗin ma doka ta tilasta a tsiyaye jirgi a share shi kafin a kai shi wani tafki. Wanda ya ga yadda kachalla ta toshe magudanun ruwa a Haɗeja da Nguru ba zai raina wannan ba. Babbar asarar dai ita ce, wanda ya zo da nasa jirgi ya yar da matuƙi, wato ya sayi sauƙin ɗauka da sanin da zai fitar da shi lafiya.

Wani kuma zai ce a bar ƙananan madatsu, a sa jirgi a ƙasan Challawa a bi kogin, tunda ana sakin ruwa ko da rani. Ana saki, amma bisa buƙatar matatun ruwan Kano da masu noman rani, ba bisa buƙatar mai tuƙi ba, kuma ruwan yana rarrabuwa ne a kan faffaɗan yashi, nan gwiwa, can idon sawu, gaba kaɗan kuma ramin da masu ɗibar yashi suka bari. Kafin kogin ya sadu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, sai ya ratsa ta Panshekara, inda dagwalon masana'antu da majemu ke malalowa, wurin da mai hankali ba zai ci kifin da ya kama ba. Mai son doguwar tafiyar ruwa ta gaske, ta kwana da kwanaki a jirgi guda, ya nufi fadamar Haɗeja da Nguru bayan damina, ko Yawuri a kan kogin Kwara, inda Sarkawa suka gaji su da fito. Wannan wata tafiya ce daban.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta rai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari a kan hanyarsa daga Badau zuwa Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Duk mai kiran mutane zuwa ruwan yammacin Kano dole ya tsaya a gaban wannan rana, musamman ma da yake ta faɗo a cikin watannin da aka ce su ne mafi dacewa, kuma jirgin na 'yan gari ne. Ke nan zaɓen wata ba ya wadatarwa, kuma sanin ɗan gari ba ya hana jirgi nutsewa idan aka yi masa lodin da ya wuce kima, wanda shi ne abin da aka fi dangantawa da wannan hatsari. Abin da ya rage wa matafiyi shi ne ya riƙe abin da ke hannunsa, ya kuma riƙe shi ba tare da jin kunya ba. Kwale-kwalen su mutum biyu ne ko uku, har da matuƙi, ba a ƙara ko da wanda ya roƙa surukinka ne. Rigar ruwa a jiki take tun daga gaɓa, a kuma zo da ta matuƙin, domin yawancinsu ba su da ita. Ba a shiga bayan la'asar. A jirgin a ga gwangwanin kwarfe ruwa kafin a zauna. Sannan akwai haɗarin da ba ya kifar da jirgi: tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka ko mai tsayuwa a gefen ruwa, kuma ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin madatsu. A rage shiga ruwa, wanda ya shiga ya je asibiti a duba shi bayan makonni, maganinta sananne ne. Batun tsaro kuwa, Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma halin hanyoyin kan iyaka yana sauyawa daga wata zuwa wata, wani dalilin ke nan na jin ta bakin dagaci kafin a ɗaura jaka.

Idan an kiyaye waɗannan, tafiyar ba za ta wuce kwana biyar ko shida ba, kuma rabinta a tudu za a yi, cikin kaka, ana wuce dammunan dawa a jingine da amalanken shanu. Ranar Challawa ita ce mai tsawo. Ana sallame asuba ake sauka, domin ruwan yana kwance ne kafin rana ta ɗaga, a bi gefe maimakon a tsaga tsakiya, a tsaya inda matuƙi ya ce tsohon kogin ya karkata, a saki ƙugiya ƙasa ko ragon ruwa zai taya. Da hantsi, kafin iska ta tashi, a juyo tare da masu jan kalli, lokacin da dillalai suka jeru a bakin ruwa da bahuna, masu banda suna hura wuta. A nan ake biyan matuƙi abin da aka yi ciniki tun jiya, a raba kifin idan an samu, shi ya ɗaure jirginsa a turke, matafiyi kuma ya nemi babur zuwa tashar Ƙaraye.